Ranar da Auta ya miƙa Inna baya

Ƙanena ɗan wasan rugbi ne, kuma da shi yake ci. Na fara da wannan ne don in huta, saboda duk sanda na faɗa a gidan biki a nan unguwarmu ta Rusaifa a Makka sai wata ta riƙe haɓa ta tambaye ni ko ana warkewa. Ba cuta ba ce. Wasan ƙarti ne, da wata ƙwallo mai tsawo kamar gwanda. Wanda ya ɗauka sai ya ruga da gudu, sauran su bi shi su kayar, su hau kansa. Kuma ana biyan mutum albashi a kan haka. Ni ma na daɗe ban yarda ba.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ne auta, duk a Makka aka haife mu. Tun yana ƙarami jikinsa ya fi ƙarfin gidan. Inna ta gaji da sayen riguna, ta koma ba shi na Baba, Allah ya jiƙansa, har su ma suka daina shiga. Da ya tasa sai ya shiga turin keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, wanda a nan muke ce wa arabiyya. Wasu suna tura mutum ɗaya suna haki, shi kuwa in ba a hana shi ba sai ya haɗa mata da miji. Daga nan ya tafi Jidda aikin lodi a wani kamfani. A can ne wasu Turawa ma'aikatan kamfanin suka gan shi ya rungumi firji yana hawa bene da shi yana amsa waya. Suka ja shi filinsu ranar hutu, suka ce ya tsaya a nan, kada ya bari a wuce. Bai bari ba. Bayan 'yan shekaru sai ga wata ƙungiya a kudancin Faransa ta ba shi kwantiragi, ya tattara ya tafi, da Faransancinsa da bai wuce sannu da na gode ba.

Aikinsa a filin ma ba gudu ba ne. Akwai lokacin da mutum takwas suke sarƙe kafaɗu, su sunkuya, su haɗa kai da takwas na ɗaya ɓangaren, a yi ta turereniya har wasu su ja baya. Auta yana layin gaba, inda nauyin kowa yake sauka. Shekara da shekaru yana wannan, har wuyansa ya ɓace, kai ya zauna a kan kafaɗa kai tsaye. Kunnuwansa suka dunƙule kamar ɗanwake. Ya bar haƙori ɗaya a wani gari, ya bar rabin gira a wani. Kafaɗarsa ta hagu an yi mata aiki, tana ƙara in zai sa riga. In ya zo hutu kuwa, kazar da muke ci mu duka gidan ita ce abin da yake taɓawa kafin a sauke abinci.

Inna ba ta taɓa kiran wasan da sunansa ba, kokawar gwanda take cewa. Abin da ya fi ba ta haushi a ciki doka ɗaya ce: ba a miƙa ƙwallo gaba. In an tare ka, sai dai ka juya ka miƙa wa wanda yake bayanka. Auta ya ce tun ranar farko wannan koci yake dasa wa mutum a jiki, har ya zama ko a barci aka taɓa ka, baya za ka miƙa. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum yake son zuwa gaba yana mayar da kayansa baya ba, sai a wajen marasa aikin yi. Duk da haka ba wasan da yake wuce ta. Sai in kunna mata a waya, ta ce, “Ke, wanne ne nawa?” Ba ta kama sunana, 'yar fari ce ni. In ce, “Na can ƙasa, Inna, wanda aka danne.” Sai ta ce Allah ya isa, ta ci gaba da kallo.

A wajen kallon nan na fara lura da idonta. Wayar da take riƙewa a cinya ta dawo ƙirji, daga ƙirji ta dawo dab da hanci. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, magani zai rage gudun abin amma ba zai tsayar da shi ba. Muka dawo gida. Ina zuba mata shayi sai ta ce, kamar mai zancen cefane, ita fa ba ta taɓa ganin Hajarul Aswad ido da ido ba.

Na ajiye butar. Matar nan tun tana amarya take Makka. Ta yi ɗawafin da ba zai ƙirgu ba. Ta dafa wa alhazai tuwo a Arfa har hannunta ya yi kanta. Daga saman benenmu ana hango fitilun Harami.

Na ce, “Inna, duk shekarun nan?”

Ta ce, “To ai kusa ne. Kullum sai in ce gobe. Ga goyo, ga tukunya a wuta, ga cunkoso. Daga nesa nake ɗaga hannu in wuce.” Ta shafa idonta da gefen mayafi. “Yanzu kuwa ina so in gan shi tun ina gani.”

Wallahi haushi na ji kafin tausayi ya zo. Mutane suna sayar da gonaki su zo daga wata duniya, mu muna nan da shi a bakin ƙofa. Amma ni ɗin ma da nake haushin ban taɓa zuwa kusa ba, sai kawai na kira Auta a waya. An gama kakar wasa, alhazai sun fara komawa gida. Ya ce, “Yaya, wannan ai aikina ne. Kai abu inda mutane suka tare, shi ake biyana in yi.”

Ya sauka da jakarsa da tsarinsa. Ya zaunar da mu a falo, ya jera kofunan shayi a kan faranti, ya ɗauki dabino ɗaya ya ce wannan ce Inna. Shi zai sa ta a gabansa ya kewaye ta da hannuwa. Ni ina gefen dama ina tare mata. Bayansa kuma ana buƙatar namiji ya riƙe masa bel, ya zama ƙarin nauyi. Duk muka juya muka kalli maigidana.

Maigidana tela ne, mutumin kirki, amma in ya tsaya a gefe sai ka neme shi. Iska mai ƙarfi ba ya fita a cikinta. Ban da wannan, mutum ne mai kunyar surukai irin ta mutanen da. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da Inna ba. Daga bakin ƙofa yake cire takalmi, ya tsuguna, ya gaida tabarma. Ita ma ta ja mayafi ta amsa wa bango. Bai taɓa cin abinci a gabanta ba, ko ruwa ne sai ya fita tsakar gida. In tana son gaya masa magana sai ta ce mini, “Ki ce wa Malam,” alhali yana zaune a wajen yana ji.

Ya ce a hankali, “Auta, ni fa ba zan iya taɓa Hajiya ba.”

Auta ya ce, “Wa ya ce ka taɓa ta, Yaya? Bel ɗina kawai za ka riƙe. Ko ganinta ba za ka yi ba, bayana ya ishe ka kallo.”

Inna tana kan kujera tana jin mu. Sai ta ce tana da sharaɗi. Ta ji malamai suna cewa sumbatar dutsen sunna ce, cutar da Musulmi kuwa haramun ne. Saboda haka ba ta yarda Auta ya ture ɗan kowa ba. Ko kafaɗa, ko gwiwar hannu. In ya ture mutum ɗaya ta fasa.

Auta ya sosa kai. Ya ce, “Inna, turin nan fa shi kaɗai na iya.”

Ta ce, “To ka koyi wani abin.”

Aka shiga atisaye a saman bene bayan la'asar. Tun da Malam ba zai tsaya kusa da Inna ba ko a wasa, sai aka ɗauko buhun shinkafa ya zama Inna. Ni na sa masa tsohon hijabinta don abin ya yi kama da gaske. Inna ta sa aka hau mata da kujera, ta zauna tana kallon buhu sanye da kayanta. Tankin ruwa shi ne Ka'aba. Auta ya rungumi buhu, Malam ya riƙe bel da hannu biyu, ni ina gefe na baza hannuwa, muna zagaya tanki muna taku tare. Auta yana ba da umarni da Faransanci don ya ce da Hausa abin ba ya fita daidai. Matan maƙwabta suka fito shanya, shanyar da ba ta ƙare ba har magariba.

A zagaye na ba-na-tuna-nawa Malam ya taka igiyar shanya, ya ja bel, Auta ya yi tangaɗi, buhu ya suɓuce ya daki kan famfo ya fashe. Shinkafa ta watsu ko'ina. Kafin mu ankara tattabarun Makka, waɗanda ba sa tsoron kowa saboda sun san ba mai taɓa su, suka sauka a kanta.

Inna ta ji ƙarar fuka-fukai, ta leƙo ta ce, “Ni ce wannan ake ci?”

Auta ya ce ai don haka ake atisaye, don kuskure ya ƙare a gida. Na ce ya dai ƙarar mana da shinkafar wata.

Ranar tafiya muka fara zuwa Tan'im maza suka ɗaura harami, tun da sai da shi ake barin namiji ya sauka filin ɗawafi na ƙasa. Haramin kanti bai zagaye Auta ba, sai da Malam ya yanko masa farin yadi daga bandir. Shi kuma Malam nasa ya zagaye shi har ya yi saura, ya ɗaure da bel ya ƙara da addu'a. Muka zaɓi hantsi, lokacin da rana take korar masu hankali.

Mun shiga da tsari gwanin sha'awa. Kowane zagaye muna ɗan matsawa ciki. Inna tana gaban Auta, daga baya ba ka ko hango ta. Tun a nan na ga abin da ban taɓa gani ba: ana ture Auta. Mutumin da ƙarti suke haɗuwa su kasa motsa shi. Wani ayarin tsofaffin mata 'yan ƙanana, kowacce ta riƙe hijabin ta gabanta, suka zo suka ratsa ta ƙarƙashin hammatarsa, ta ƙarshen ta ba shi gwiwar hannu a haƙarƙari. Ya ce, “Afwan.” Wani dattijo ya taka masa ƙafa ya tsaya a kai yana addu'a. Ya ce, “Afwan, ya hajji.” Shi ake takawa, shi yake ba da haƙuri. Gumi yana zuba daga inda wuyansa ya kamata ya kasance.

Duk da haka muka kai. Na rantse muka kai. Ina hango azurfar da ta kewaye dutsen a kusurwar Ka'aba tana walƙiya tsakanin kawunan mutane, ina hango askarin da yake tsaye a sama da ita yana ta “Yalla, yalla,” wato a yi gaba. A nan wajen ba tafiya ake yi ba, jama'a ce take kai ka inda ta ga dama. Na ji an raba ni da su, amma ina ganin komai. Wasu maza suka danno daga hagu, wasu masu fitowa suka danno daga gaba, ƙafar Auta ta zame a kan tayil. An tare shi gaba da gefe, ba halin turi, abu mai daraja yana hannunsa.

Sai jikinsa ya yi abin da aka koya masa. Ya juya, ya ɗaga Inna cak, ya miƙa ta baya.

Wanda yake baya kuwa Malam ne.

Ya saki bel don ba yadda zai yi, ya tare. Inna ta sauka a ƙirjin surukinta, hanci da hanci. Ban taɓa ganin fuska irin ta mutumin nan a lokacin ba. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ko'ina Inna ce. Sai tarbiyya ta motsa. A tsakiyar wannan turmutsitsi, bawan Allah ya fara ƙoƙarin tsugunawa.

Ya ce, “Barka da hantsi, Hajiya. An tashi lafiya?”

Inna ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta juyar da kai ta ce, “Lafiya lau. Ya iyali?”

“Suna lafiya, Hajiya.”

“Ya aiki?”

“Da godiya.”

Iyalin da ake tambaya ina nan gefe ana matse ni kamar lemo, ina ihu su tsaya. Ina, jama'a ta riga ta ɗauke su. Malam hannu ɗaya yana tare da Inna ba tare da ya yarda yana taɓa ta ba, ɗaya hannun yana riƙe da haraminsa da ya fara neman hanyar ƙasa. Haka aka tafi da su suna gaisawa, har sai da aka ajiye su can wajen Maƙamu Ibrahim. Auta ya tsaya yana kallon hannuwansa. Daga baya ya biyo mu, kansa a ƙasa.

Na riƙe bakina har muka gama umara, saboda wuri ne mai alfarma. Muna shiga gida na sake shi. Na ce, “Kai yanzu uwar taka ce gwanda? Uwar da ta haife ka? An ce maka alƙalin wasa yana Harami da usur?” Ya ce wallahi bai san ya yi ba, hannun ne ya tafi da kansa. Ya ce a filinsu in ka riƙe ƙwallo aka danne ka da ita, ka ci amanar 'yan uwanka, miƙawa baya ita ce kiyayewa. Na ce to ya kiyaye, ga ta nan ya kiyaye ta har gida ba ta ga komai ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Malam kuwa ya shige shago ya ƙi fitowa. Ko unguwar su Inna zai bi sai ya zagaya ta bayan gidan mai. Ya ce mini shi kam ya gama yawo, da wane ido zai sake gaida Hajiya. Na ce da idon da bai taɓa kallonta da shi ba. Inna ma in an ambace shi sai ta ja mayafi, ko ba ya nan. Auta ya daina cin abinci, wato ya koma cin na mutum biyu.

Ni dariyar abin ta zo mini daga baya, ina wanke-wanke, har na zauna a ƙasa. Amma ba ta daɗe ba. Washegari na je gaida Inna na tarar tana zuba shayi, butar tana gefe kofin yana gefe, shayin yana zuba a faranti tana jira ya cika. Na karɓi butar na cika mata kofin. Ta ce, “A bar zancen nan haka. Ba rabo. Kada yaron nan ya kashe kansa da damuwa.” Auta yana bakin ƙofa, ya ga farantin. Hutunsa ya kusa ƙarewa, ƙungiya ta fara kira a dawo atisaye, kuma mu duka mun san kafin ya sake zuwa wata shekara ce.

Ya shigo ya durƙusa a gabanta, falon ya cika. Ya ce, “Inna, a ƙara sau ɗaya. Ba tsari, ba kofuna. Kuma ba kowa a bayana, balle in samu wanda zan miƙa wa.”

Can ta ce, “Sharaɗina yana nan.”

Ya ce, “Yana nan.”

Malam ya yarda zai kai mu a mota, da sharaɗin Inna ta zauna a bayan kujerarsa inda madubi ba ya kamawa. A Harami ya ce shi zai tsaya gadin takalma. Ba wanda ya roƙe shi ya shiga.

Auta yana cikin haraminsa na bandir, muka yi ɗawafinmu a nutse daga waje-waje har muka gama. Sannan Auta ya ja Inna suka nufi jikin Ɗakin, wajen da masu son kusurwar suke bin bango. Ni na tsaya inda zan iya hango su. Ya ɗora hannun Inna na hagu a jikin bango, ya ɗora na dama a bel ɗinsa ta baya. Sai ya juya mata baya. Ya fuskanci jama'a, ya buɗe ƙafafu, ya ɗan sunkuya, ya baza hannuwa. Tsakanin bayansa da bango ya bar mata wuri daidai ita.

Bai ture kowa ba, ni shaida ce. Ƙin turuwa kawai ya yi. Jama'a ta zo ta dake shi ta koma, ta sake zuwa. In an samu sarari ya ja ƙafa ɗaya gefe, Inna ta biyo bango, ya sake kafewa. Wani ya dafa kansa, wani ya rataya a wuyan da babu. Mafi yawan nauyin a kafaɗar hagu yake sauka, wadda aka yi wa aiki. Na ga fuskarsa. Ita ce fuskar da nake gani a waya in an danne shi a ƙasa, sai dai a waya ban taɓa jin tausayinsa haka ba. Leɓensa yana motsi, na san afwan ɗin nan yake ta rabawa.

Abin ya daɗe. Ƙafafuna suka gaji, ni da ba abin da nake ɗauke da shi. Sai na ga askarin nan na sama ya leƙo, ya ga tsohuwa ita kaɗai a bayan wannan ƙato. Ya miƙa hannu ya tsayar da wani mutum, ya ce, “Yalla ya hajja.” Farin hijabin Inna ya sunkuya ya shiga cikin azurfar. Ya ɗan jima. Ya fito.

Ban san ina kuka ba sai da wata mata da ban sani ba ta miƙo mini tishu.

Da suka fito hannun hagun Auta yana lilo, ya ce ba komai, zai koma wurinsa. Muka gama abin da ya rage, muka karɓi takalma a wajen Malam, wanda ya gaida ƙasa ya ce an fito lafiya. A mota Auta ya zauna gaba, ni da Inna a baya. Ina ta zuba, ina ba Malam labarin askari, ina cewa yau kam gwanda ta isa inda aka aike ta. Har Malam ya yi dariya a gaban surukarsa, ya kama bakinsa.

Mun kusa shiga Rusaifa Inna ta ce, “Auta.”

“Na'am, Inna.”

“Azurfar nan da ta kewaye shi, tana ƙyalli kamar yadda ake faɗa?”

Malam ya rage gudu ba tare da wani dalili a kan titi ba.

Na ce, “Inna, ba ki gani ba?”

Ta ce, “Duhu-duhu na gani, da ɗan haske ta gefe. Tun kafin yaron nan ya sauka abin ya tafi. Na ƙi faɗa ne kada ku ce ba amfani.” Ta gyara zama. “Kai ka faɗa mini, Auta, kai da kake da ido. Baƙi ne ƙirin, ko da ja-ja a ciki?”

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Inna, ni baya na ba shi. Ban gani ba.”

Sai ta fashe da dariya, irin wadda take yi har mayafi ya zame. Ta ce, “To madalla. An aiki makauniya da mai kallon baya.” Ta share ido. “Bari ni in gaya muku, tun da ba wanda ya sani. Santsi gare shi. Kuma da ɗumi, ban zaci zai yi ɗumi ba. Ga ƙamshi.”

Ta lalubo kujerar gaba har ta samu kafaɗarsa ta hagu, ta ɗora tafin hannunta a kai ta bar shi a nan. Auta ya jingina kansa da gilashi, bayansa yana girgiza, ba sauti. Ba wanda ya kalle shi.

Can Inna ta ce mini, “Ki ce wa Malam ya tsaya wajen mai burodin tamis. Yaron nan bai ci komai ba tun safe.”